Shekarar da Gajeren Wando Ya Kori Shanu

Ranar sunan jikata ta wurin 'yar'uwarku Hadiza, ina zaune a zaure ana rabon goro, na ji ƙanena Iro ya sake ɗauko labarin nan nasa, wai an taɓa korata daga aikin gwamnati don na ƙi sa wando. Aka fashe da dariya, har da ku da na haifa. Ya fi shekara arba'in yana ba da labarin nan, kuma kowace shekara sai ya ƙara masa gishiri. Bara cewa ya yi na tuɓe a gaban kumandan. Ban tanka ba don taron biki ne, amma na shiga gida raina a ɓace. To ga yadda aka yi, ku karanta ku huta. Ba a kore ni ba, kuma ban taɓa fita ba wando ba. Abin da ya faru ya fi haka ban haushi, kuma akwai mutanen da ba su taɓa ganin abin dariya a cikinsa ba.

Bayan an samu mulkin kai da 'yan shekaru aka ɗauke ni aikin dabbobi. Na yi lakwal, wato makarantar boko, na yi koyon allura da duba nama, aka turo ni wani ƙaramin buro, wato ofis, a yankinmu, wanda ke kula da shanun ƙasar Konni har zuwa wajen Alela da Bazaga. Ranar da na fara aiki, kafin a nuna mani sirinji ko kwalbar magani, tela aka nuna mani. Ya auna ni, bayan kwana uku na karɓo kaki: riga mai gajeren hannu da aljihu biyu a ƙirji, wando wanda ya tsaya saman gwiwa, doguwar safa, takalmi mai nauyi kamar an ɗaura wa mutum turmi, da wata hula mai baki. Na sa, na duba kaina a madubin tela, wallahi na ji daɗi. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ban daɗe da auren Innarku ba. Na bi ta tsakiyar kasuwa da gangan don a gan ni.

Kakanku Malam Hassan yana zaune a ƙofar gida yana saƙar igiya lokacin da na iso. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tsaya a gwiwoyina, ya daɗe a nan.

"Garba, yadin ne ya ƙare musu?"

Na ce, "Baba, haka ɗinkin yake. Kayan aiki ne."

"To ka koma ka ce su ba ka sauran. Wanga ba wando ba ne, alkawarin wando ne. Ba ka shiga mani gida haka, gaban uwarka da matan ƙannena. Kuma kada in gan ka kusa da masallaci."

Kakarku kuwa, da ta leƙo ta zana ta gan ni, guɗa ta yi. Ita so take in riƙa bi ta ƙofar maƙwabta da kakin kullum, musamman gidan wata ƙawarta da ɗanta bai ci jarrabawa ba. Gida ɗaya, mutum biyu da suka haife ni, ɗaya ya ce kada in shigo da shi, ɗaya ta ce kada in cire shi. Da Baba ya ce abu kuwa ya zauna. Saboda haka na shiga wata irin rayuwa da har yau in na tuna sai in ji gajiya. Da safe in fita da riga da dogon wando, kakin a naɗe cikin jakar fata. In shiga bayan shagon telan nan in canza. Azahar ta yi, in ɗaura zane kan gajeren wandon in yi salla, don ba a tsayuwa gaban Allah da gwiwa a waje, abokan aiki suna ce mani amarya. In an tashi in koma bayan shago in sake canzawa. Wata rana akuyar tela ta ci mani safa ɗaya. Innarku kuma ita ke shan wahalar da ba a gani: wanki, sitaci, da dutsen guga mai gawayi, tana hura shi tana tsoron kada tartsatsi ya faɗa kan gwamnati, kamar yadda take cewa.

Shugaban buronmu sunansa Tankari, muna ce masa Mushe Tankari, wato Malam Tankari da Faransanci, ko kuma Shef, wato shugaba. Ba'adare ne dogo, mai ƙwazo, ba ya cin hanci, ba ya makara, kuma ya san ciwon dabba tun daga nesa. Ina faɗin wannan don kada ku ɗauka mugu ne. Amma a kan kaki ba a yi masa magana. Kowace safiya sai mun tsaya a layi, mu huɗu kacal, kamar wata runduna, ya bi mu yana duba karin guga da tsawon safa. Ya taɓa mayar da wani gida don ya zo da takalmin fata irin namu, alhali ƙafar mutumin ta kumbura. Wata rana da ya saki jiki ya gaya mani dalilinsa. Ya ce zamanin Turawa ya taɓa raka mahaifinsa wani buro, tsohon yana sanye da babbar rigarsa ta Juma'a, aka bar su a rana tun hantsi har la'asar, duk wanda ya zo da kaki ko kwat yana wuce su yana shiga.

"Tun ran nan na gane," in ji shi, "ba mutum ake saurare ba, tufa ake saurare. Yanzu kakin ya zama namu. In kun sa shi, ƙasa ce ke tafiya a jikinku."

Na fahimce shi. Har na yarda da shi, kafin shekarar bushiya.

Ku da kuka taso ba ku san bushiya ba, Allah ya sa kada ku san ta. Ciwon shanu ne. Saniya ta fara hawaye da majina, bakinta ya yi gyambo, zawo ya kama ta, bayan 'yan kwanaki ta kwanta. In ya shiga garke, mai shanu ɗari zai iya wayar gari da sanda kawai a hannu. Amma akwai allura, kuma allurar tana aiki. Da rani ya kama a shekarar nan, labari ya zo cewa ciwon ya ɓulla a kudu, kusa da iyaka, aka aiko mana da magani cikin ƙananan kwalabe da umarnin mu bi rugage mu yi wa kowace dabba. Maganin ba ya son zafi. Cikin akwatin ƙanƙara muke ɗaukarsa, in ƙanƙarar ta narke kafin a yi amfani da shi, sai dai a zubar.

Fita ta farko muka nufi wata mashaya yamma da Bazaga, inda aka ce garken Arɗo Buba da danginsa suna nan. Arɗo shi ne shugaban Fulanin wajen. Muka tafi cikin motar buro, mu huɗu da direba, kowa fes da kaki. Muka tarar da toka da ɗuminta, kashin shanu ɗanye, da wata tsohuwa makauniya a gindin aduwa wadda ta ce ita ba ta san kowa ba. Sawun shanu ya yi kudu. Muka dawo, muka zubar da magani. Sati na biyu muka sake fita wajen Alela, aka yi mana haka. Na uku ma haka, sai dai ran nan mun hango ƙurar garken yana tsallaka iyaka, wato suna gudu daga allura zuwa inda ciwon yake. Mushe Tankari ya tsaya a rana, hannu a ƙugu, yana cewa jahilci ne, jahilci tsagwaronsa. Ni ma haka na ce, don ban san komai ba.

Innarku ce ta warware mani. Akwai wata Bafulatana, Dije, da ke kawo mata nono da man shanu ranar kasuwar Konni, sun saba har suna zama hira. Ran nan na dawo da yamma na canza kaya, ta ajiye mani tuwo, ta zauna nesa kaɗan kamar mai son magana.

"Malam, kun san mi suke gudu?"

Na ce, "Allura mana."

"Dije ta ce ba allura ba ce. Sun san allura, an taɓa yi musu a wancan gefen iyaka, shanunsu sun tsira. Ta ce wandonku suke gudu."

Na ajiye lomar da na ɗauko. Ta ce Dije ta gaya mata duk wanda ya taɓa zuwa rugarsu da kaki, abu ɗaya ya kawo shi: ya ƙirga shanu don jangali, ko ya ɗaure wani ya tafi da shi. Mahaifin Arɗo Buba, gardi ne, ɗan sandan zamanin Turawa, mai irin wannan wando ya ɗaure shi a bayan doki. Su a wurinsu babu bambanci tsakanin gardi da jandarma da ɗan duwan, wato kwastan, da likitan dabbobi. Da mai kiwo ya hango kaki daga kan tudu, sai ya buga kira, kafin mota ta iso an kora.

Washegari na shiga wurin Mushe Tankari na gaya masa, da ladabi, hulata a hannu. Na ce a bar mu mu gwada fita ɗaya tak da kayan gida.

"Wa ya gaya maka wannan?"

"Mai ɗakina ce ta ji a bakin mai tallan nono, Shef."

"To yanzu mai tallan nono ce za ta tsara mana aiki? Garba, in yau mun cire kaki don Fulani, gobe mi za mu cire? Su ne za su saba da gwamnati. Gwamnati ba ta ɓuya cikin riga kamar ɓarawo."

Na ce, "Shef, kafin su saba shanun sun ƙare."

Ya ce in fita. Na fita ina jin kamar in haɗiye hular. Abin da ya fi ci mani rai, mutumin nan ya fi ni son shanun su tsira. Na taɓa ganin idonsa ya kawo ruwa a kan gawar maraƙi. Amma yadi kamu biyu ya tsaya tsakaninsa da abin da yake so, kuma ba zai tsallake ba.

Bayan kwana kaɗan aka kira shi taro a Tawa. Ya tafi da motar da direban, ya bar mani mabuɗin firji da umarnin cewa in an samu garke a kusa a yi masa allura. Bai ce da wace riga ba. Na san abin da yake nufi, ba zan yi muku ƙarya ba, amma bai faɗa ba. Na je wurin kakanku na roƙi aron godiyarsa, na gaya masa inda za ni da abin da zan sa.

"Da cikakken wando za ka tai?"

Na ce da cikakke.

"To ɗauki har sirdin. Ka ce da Arɗo Buba ɗan Hassan ne na Bazaga. Shanunsa sun sha cin karan gonata."

Bayan sallar asuba na fita. Riga shuɗiya, dogon wando, rawani don rana, takalmin fata, akwatin ƙanƙara a naɗe da jiƙaƙƙen buhu a bayan sirdi. Dije ta riga ta kwatanta wa Innarku inda suka koma, wata rijiya tsakanin Bazaga da iyaka. Hantsi ya ɗaga na iso. Shanu ga su nan jajaye, masu manyan ƙahoni, ana ja musu ruwa. Ba wanda ya gudu. Ba wanda ma ya ɗaga kai sosai. Na yi sallama aka amsa, aka kama mani godiya, aka nuna mani inda Arɗo yake zaune kan buzu. Tsoho ne siriri, fari, mai ƙaramin gemu. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, na faɗi sunan ubana, aka kawo nono a ƙwarya. Zuciyata tana kan ƙanƙarar da ke narkewa, amma na zauna na sha. Sannan na gaya masa gaskiya, cewa ni ma'aikacin buron dabbobi ne, allurar bushiya na kawo.

Ya kalli ƙafafuna.

"Kana cikin waɗanda suka zo ran Talata da gwiwa a waje?"

Na ce ina ciki.

"Ina kakin?"

"Yana gida a rataye."

"Ina littafin ƙirga?"

Na buɗe jakata na zazzage a gabansa: sirinji, allurai, ɗan ƙarfen da ake yi wa kunne alama, goro biyu. Na ce a takardata ina rubuta yawan maganin da na yi amfani da shi, ba na rubuta sunan kowa. Ya juya ƙarfen a hannunsa, ya ce wata magana da ban manta ba.

"Mai riga in ya cuce ni, na san gidan ubansa, in je in zauna a zaure. Mai kaki ba shi da gida. In ka tambaya sai a ce an canza masa gari."

Ya sa aka fara da shanunsa na kansa. Kwana uku na yi ina zuwa ina komawa ɗauko magani, matasan ruga suna kayar da bijimai, ni ina soka allura ina yi wa kunne alama. Rigata ta koma launin ƙasa, kashin shanu har a rawani. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar kwanakin nan ba. Da azahar ta yi sai in bi sahu yadda nake, ba ɗaura zane. Mutum ɗaya ne ya ƙi sakin jiki, Sambo, ƙanen Arɗo, wanda ya fi kowa yawan shanu a wajen. Ya tsaya nesa da garkensa yana kallo, ya ce sai ya ga waɗanda aka yi wa sun kwana uku a tsaye. Ran na huɗu da safe ya zo da kansa ya ce to, yau nasa. Aka koro garken zuwa bakin rijiya. Na haɗa magani, na yi wa maruƙa biyar ko shida.

Sai muka ji ƙugin mota.

Ashe taron Tawa ya ƙare da wuri, kuma wani babban jami'i daga Yamai ya biyo Mushe Tankari don ya ga yadda aiki ke tafiya. A buro aka gaya musu inda nake. Motar ta taho ta tsakiyar fili tana hon, ta tsaya, mutum huɗu suka diro, kaki yana ƙyalli, har da jandarma ɗaya da aka haɗa baƙon da shi don girmamawa. Na ji kiran nan da Dije ta faɗa, daga kan tudu. Ban taɓa ganin shanu sun juya da sauri haka ba. Sambo ya dube ni duba ɗaya, ya tofar da yawu, ya bi garkensa da gudu. Na bi shi ina kira, sirinji a hannu, ina rantsuwa ban san da zuwansu ba. Ko waiwaye bai yi ba.

Da na dawo ina haki, baƙon ya yafito ni. Ya ga mutum cikin riga da rawani, duk kashin shanu, sai ya ce wa direba da Faransanci ya tambayi wannan makiyayin ina ma'aikacin gwamnati da aka ce yana nan. Direba ya sunkuyar da kai. Na amsa masa da Faransanci cewa ni ne. Ya dube ni, ya dubi Mushe Tankari. Fuskar Mushe ta yi abin da ban taɓa gani ba. Baƙon bai tambayi shanu nawa aka yi wa allura ba. Ga su nan a gabansa da alama a kunne, garken Arɗo duka, waɗanda ba su gudu ba don tsohon ya hana. Abin da ya tambaya shi ne ko buron namu ba a raba wa ma'aikata kayan aiki ne.

Arɗo Buba ya taso a hankali ya zo kusa da ni. Bai dubi baƙi ba.

"Ɗan Hassan, rigar tarko ce?"

Na ce wallahi ba tarko ba ce. Ya ce to, Allah ya sani. Ya juya ya tafi. Ku duba tsakiyar da na samu kaina: na gaba suna ganin na kunyata gwamnati don na sa riga, na baya suna ganin na sa riga don in sayar da su ga gwamnati. Ina tsaye da maganin da na haɗa yana lalacewa a hannuna, ba saniyar da zan soka wa.

A buro Mushe Tankari ya rufe ƙofa. Bai ɗaga murya ba, kuma na fi son a ce ya ɗaga.

"Ka sa an tambaye ni ko ina sayar da kakin ma'aikatana."

Na ce, "Shef, garke nawa muka yi wa allura cikin sati uku da kaki? Garke nawa na yi cikin kwana uku?"

"Ban tambaye ka ba."

"Da kun tsaya bayan tudu kun aiko direba, da yanzu na gama da na Sambo."

"In ɓuya bayan tudu? Ni?"

Aka rubuta mani takardar gargaɗi, aka sa cikin dosiyena, wato fayil ɗin da ke bin ma'aikaci duk inda ya je. Laifin da aka rubuta: fita aiki ba tare da tufafin aiki ba, da zubar da mutuncin hukuma a gaban jama'a. A shekarar nan sunana yana cikin waɗanda za a tura ƙarin karatu, aka cire. Aka hana ni fita daji, aka mayar da ni ɗakin ajiya, ina zaune daga safe har yamma tsakanin kwalabe da buhunan gishiri, cikin kaki mai karin guga, inda ba mai ganina sai ɓeraye. Wannan shi ne korar da Iro ke ba ku labari. Kakarku ta yi kuka ta ce na watsar da arzikina don taurin kai. Kakanku ya ce ai shi tun farko ya ce wandon bai cika ba, kamar wannan ne abin da ake magana a kai. Innarku kuwa wanki ta kama. Ta yi kwana biyu tana jiƙa shuɗiyar rigar nan kafin ta fita.

Garken Sambo ya tsallaka kudu ya sha ruwa a mashayar da ciwon yake. Kafin damina ta faɗi, abin da ya rage masa bai kai a kira shi garke ba. Maruƙan nan da na samu na yi wa allura da safen suna cikin waɗanda suka rayu. Na Arɗo kuwa ko ɗaya bai faɗi ba. Da kaka tsohon ya aiko wa kakanku da ƙwaryar man shanu ta hannun Dije, ba tare da wani saƙo ba. Baba ya ce wannan shi ne saƙon.

Abin da ya sa har yau in an taɓo maganar nake jin zafi shi ne abin da ya biyo baya. Ba a yi shekaru da yawa ba iska ta juya. Manya suka fara zuwa buro da babbar riga da hula, aka ce kishin ƙasa ne. Takarda ta zo daga sama tana cewa ma'aikatan daji su yi shigar da za ta sa makiyaya su saki jiki da su, aka karanta mana ita a tsaye kamar sabon wahayi. Mushe Tankari da kansa na gan shi ranar wani taro cikin riga mai aska takwas, ta yi masa kyau ƙwarai. Muka gaisa. Na jira ya ce wani abu, bai ce ba. Takardar gargaɗin kuwa ba wanda ya cire ta. Ta bi ni Illela, ta bi ni duk inda aka kai ni. Waɗanda muka fara tare suka zama shugabannina, sannan waɗanda na koya wa riƙon sirinji. Duk lokacin da aka zo ƙarin girma, wani zai buɗe dosiye ya ga an rubuta zubar da mutuncin hukuma, ba zai tambayi wane irin zubarwa ba, sai ya rufe. Da kuka taso kuka ga gidanmu bai kai na abokan aikina ba, dalilin ke nan. Ban sha giya ba, ban yi caca ba. Riga na sa.

Ban sake ganin Sambo ba sai bayan shekarun fari. An aike ni Malbaza duba wasu awaki, na tsaya neman ruwan alwala a ƙofar wani sito na wani ɗan kasuwa. Maigadin yana zaune kan benci a rana, ya juya mani baya. Kaki ne a jikinsa, tsoho, ya koɗe, ya yi masa yawa a kafaɗa, da gajeren wando, ƙafafunsa sirara kamar sanda. Na yi sallama ya juyo. Sai da na ga tsagen fuskarsa na gane shi. Shi tun kafin in rufe baki ya gane ni. Ran nan riga ce a jikina, don lokacin an daina hanawa.

Muka gaisa. Na tambayi Arɗo, ya ce ya rasu. Na tambayi iyali, ya ce suna nan cikin gari, matarsa tana yi wa mutane daka. Ban tambayi shanu ba. Ya miƙo mani butarsa, ya ga ina kallon gwiwoyinsa, ya ja bakin wandon ƙasa da hannu biyu, bai sauka ba.

"Maigidan ne ya ce sai da shi," in ji shi. "Ya ce ɓarayi ba su tsoron mai riga."

Na ce, "Sambo, wallahi ran nan ban san za su zo ba."

Ya ce, "Na sani. Na daɗe da sani. Maruƙan da ka taɓa su kaɗai suka yi saura." Sannan ya ƙara da cewa, "Da ka fara da shanun tatsa."

Na yi alwala, na shimfiɗa rawanina a inuwar sito. Ya ce in jira shi. Ya shiga ɗan ɗakinsa na kwano, ya fito yana ɗaura wani tsohon zane a kan wandon, ya zo ya tsaya a damana, muka tayar da salla.